Daga Make Zuwa xz: Tarihin Fayilolin da Ake Gina Manhaja da Su

Duk manhajar da ke aiki a cikin waya ko kwamfuta ta fara ne a matsayin rubutu. Mutane ne suke zama su rubuta ta da wani harshe na musamman, kamar C ko Java, a cikin ɗaruruwa ko dubban fayiloli. Na'ura ba ta gane wannan rubutun tushe yadda yake, sai an juya mata shi zuwa nata harshen, sannan a harhaɗa guntayen da aka juya su zama abu guda. Wannan aiki shi masu sana'ar suke kira gini. Manhajar da ke yin juyin kuwa, a wannan bayani za a kira ta mafassara. Tsakanin rubutun tushe da manhajar da aka kammala akwai wasu fayiloli na daban waɗanda ba sa shiga cikin abin da ake ginawa. Aikinsu kawai su faɗi abin da za a fassara, da abin da zai zo kafin wani, da abin da ya dogara a kan wani. Su ne fayilolin tsarin gini.

Ba kasafai ake ɗaukar su da daraja ba. A ƙungiyoyi da dama, wanda ya fi kowa sabunta ake bar wa su, ko a kwafo su daga wani aiki a liƙa. Amma tarihinsu na kusan shekara hamsin ya nuna cewa yawancin fitintinun da suka haifar sun taso ne daga ɗayan abu biyu: ko fayil ɗin ya daina faɗin gaskiyar abin da ya dogara a kan wani, ko kuma ya kumbura har mutane suka daina karanta shi.

Asalin Make

A farkon zamanin Unix, a cibiyar bincike ta Bell Labs da ke Murray Hill a jihar New Jersey ta Amurka, hanya biyu ake bi wajen gini. Ko dai a sake fassara komai duk lokacin da aka canja layi ɗaya, abin da ke cin lokaci ƙwarai a injunan wancan zamani, ko kuma mutum ya riƙe a ka waɗanne fayiloli ya taɓa, ya fassara su kaɗai. Hanya ta biyu ta fi sauri, amma kan ɗan Adam ba abin dogaro ba ne.

Stuart Feldman ya ba da labarin yadda wata rana abokin aikinsa Steve Johnson, wanda ya rubuta manhajar yacc, ya faɗo ofishinsa rai a ɓace. Ya kashe safiya guda yana farautar kuskuren da tuni ya gyara, ashe fayil ɗin da ya gyara ne ba a sake fassarawa ba, tsohon ne yake ta gwadawa. Shi ma Feldman ya faɗa irin wannan rami a daren da ya gabata. A ƙarshen makon nan, cikin watan Afrilu na 1976, ya rubuta Make.

Dabarar mai sauƙi ce. Ana rubuta fayil mai suna Makefile, a cikinsa a jera ƙa'idoji, kowace ƙa'ida da sassa uku: abin da ake son samarwa, da abubuwan da ya dogara a kansu, da umarnin da za a zartar domin samar da shi. Make sai ta dubi lokacin da aka taɓa kowane fayil na ƙarshe. Idan wani daga cikin abubuwan dogaro ya fi abin da ake nema sabunta, sai ta sake zartar da umarnin. Idan bai fi ba, ta wuce. Mai rubutu ba ya cewa a yi wannan sannan a yi wancan. Dangantaka kawai yake bayyanawa, Make ce ke fitar da jerin aiki daga cikinta. Daga nan sharaɗin farko na kyakkyawan tsari ya fito, kuma har yau bai canja ba: duk dogaron da ba a rubuta ba, a wurin Make babu shi. Idan fayil ɗin C yana karanta wani ƙaramin fayil na ma'anoni, amma aka manta ba a ambata a Makefile ba, to ranar da aka gyara ƙaramin, Make za ta ce komai daidai ne, a koma gidan jiya, ga matsalar Johnson.

Make ta shiga fitowa ta bakwai ta Unix a 1979, ta bazu ko'ina, kuma ƙungiyar ACM ta karrama Feldman da lambar yabo a kanta a 2003. Sai dai ta zo da tabo. Feldman ya tsara cewa dole kowane layin umarni ya fara da alamar tab, wato gurbin da wani maɓalli na musamman yake bugawa. A ido, tab da jerin gurabe na yau da kullum ba su da bambanci, dukansu fari ne a allo. Amma idan aka sa gurabe a maimakon tab, Make takan ƙi aiki, ta kuma ba da saƙon da bai bayyana wa baƙo komai ba. Feldman ya gane illar da wuri, ya kuma faɗa daga baya cewa bai gyara ba ne don a lokacin ya riga ya sami masu amfani kamar goma sha biyu, ba ya son ya ɓata musu fayilolinsu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Sai a 2010, bayan shekara 34, GNU Make ta kawo hanyar zaɓen wata alama daban, kuma zuwa lokacin tab ya riga ya zama al'adar da kusan ba wanda ya bari.

Lokacin da na'ura ta fara rubuta wa na'ura

A shekarun 1980 Unix ta rarrabu. Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley tana da tata, kamfanonin Sun da HP da IBM kowa da tasa, kuma sun saɓa a ƙananan abubuwa: sunan wani fayil, ko wurin da yake, ko samuwar wani aiki a nan da rashinsa a can. Makefile guda ba ta iya gamsar da su duka. Da farko mai saukar da manhaja ne yake buɗe fayil ɗin ya gyara da hannu. Larry Wall, wanda daga baya ya ƙirƙiro harshen Perl, ya haɗa manhajarsa ta rn da wani rubutu mai suna Configure wanda ke bincikar na'ura yana yi wa mai ita tambayoyi. Masu tsarin X Window kuma suka fito da Imake, wadda ta dogara a kan jerin bayanan kowace irin na'ura da aka sani.

A 1991 David MacKenzie na aikin GNU ya fara Autoconf, kuma ra'ayin da ke ƙarƙashinta mai kyau ne. Maimakon a tambayi sunan na'ura a yi hasashen halinta, sai a gwada ta kai tsaye: a rubuta ɗan ƙaramin shiri, a ga ko zai fassaru, idan ya fassaru to abin da ake nema yana nan. Ta haka manhaja takan ginu har a kan na'urar da marubucinta bai taɓa jin sunanta ba. Automake ta biyo baya a 1994, Libtool kuma a 1996.

Amma an biya farashi. Marubuci yakan rubuta ɗan gajeren fayil, sai Autoconf ta bi ta harshen m4 ta faɗaɗa shi zuwa wani dogon rubutu mai suna configure, shi kuma ya haifi Makefile. An sami hawa uku ke nan, biyu daga ciki ba mutum ya rubuta ba. Don a sauƙaƙa wa mai saukarwa, sai al'ada ta kafu cewa ana cusa configure ɗin da aka riga aka samar a cikin ƙunshin da ake rarrabawa, ko da yake ba ya cikin rumbun da ake ajiye rubutun tushe da tarihin canje-canjensa. Wato abin da jama'a suke saukarwa ya bambanta da abin da masu bita suke dubawa. A 2012 Poul-Henning Kamp, ɗan ƙasar Denmak kuma tsohon hannu a FreeBSD, ya yi ƙorafi a rubuce cewa configure na Libtool ya haura layi 31,000, yana ta binciken abubuwan da kowace na'ura ta daɗe da mallaka, har da neman mafassarar Fortran da babu ita ma a na'urarsa. A lokacin an ɗauki maganar a matsayin kukan ɓata lokaci da rashin tsabta. Shekara goma sha biyu bayan haka aka ga cewa ta wuce nan.

Hujjar Peter Miller

Da manhajoji suka girma, aka rarraba su cikin folda-folda, abin da ya zo wa kowa a zuciya shi ne kowace folda ta sami tata Makefile, babbar da ke sama kuma ta riƙa shiga ɗaya bayan ɗaya tana kiran Make. A ido tsari ne mai kyau, kowa da gonarsa. A 1997 wani injiniya ɗan Ostareliya, Peter Miller, ya gabatar da maƙala inda ya ce wannan hanya cutarwa ce, kuma hujjarsa ta cancanci a tsaya a kanta.

Ƙarfin Make, in ji shi, yana cikin ganin taswirar dogaro gaba ɗayanta. Idan aka yayyanka taswirar, kowane kira yana ganin yankinsa ne kawai. A ɗauka folda ta farko tana bukatar fayil da ake samarwa a ta biyu, ta biyun kuma tana bukatar wani daga ta farko. Babu jerin shiga da zai gamsar da su, kuma babu Makefile ɗaya da ta san da zancen. Abin da mutane suka riƙa yi shi ne su jera foldodin da hannu, su zagaya sau biyu ko uku don a dace, ko su share komai su sake gini daga tushe duk lokacin da abu ya rikice. Wannan ɗabi'a ta sharewa a sake, wadda har yau ake koya wa sababbin shiga kamar wata hikima, shaida ce cewa fayilolin ba sa faɗin gaskiya. Matsalar ta ƙara fitowa fili da injuna masu ƙwaƙwalwa da yawa suka zo, aka fara gudanar da ayyuka da dama a lokaci guda: ginin da ya yi nasara jiya don sa'a, yau sai ya faɗi ba tare da an canja komai ba.

Maganin Miller bai ce a tara komai a fayil ɗaya mai tsawon zango ba. Cewa ya yi kowace folda ta riƙe ɗan guntun bayaninta, amma babbar Makefile ta jawo guntayen duka, a kira Make sau ɗaya tak. Rubutu a rarrabe, taswira a haɗe. Masu sukarsa sukan kawo misalin ƙwayar Linux, wadda har yau take shiga folda-folda, kuma tana ginuwa lafiya. Gaskiya ne, amma a can ƙananan fayilolin kusan jerin sunaye ne kawai, ƙa'idojin gini suna wuri ɗaya a tsakiya, zaɓuɓɓukan mai gini kuma an ware su a wasu fayiloli masu suna Kconfig. Horon da aka yi wa tsarin ne ya cece shi.

Bayani ne ko shiri?

Daga shekarar 2000 muhawarar ta koma kan wata tambaya: shin fayil ɗin gini bayani ne da ake karantawa, ko shiri ne da ake gudanarwa? James Duncan Davidson ya rubuta Ant domin gina Tomcat, ya zaɓi XML, wanda ba shi da matsalar tab. Sai mutane suka fara cusa sharuɗɗa da maimaici a cikin XML, harshen da ba don haka aka yi shi ba, har shi kansa Davidson ya nuna daga baya cewa da zai sake, da ba haka ya zaɓa ba. Maven, wadda Jason van Zyl ya jagoranta kuma ta kai fitowa ta farko cikakkiya a 2004, ta ja zuwa ɗaya gefen. Ta ƙayyade inda rubutun tushe zai zauna da inda gwaje-gwaje za su zauna, ta yadda wanda ya bi al'ada ba sai ya rubuta komai ba illa sunan aikinsa da abubuwan da yake aro. Wanda ya saba da aiki ɗaya na Maven ya saba da dubu. Wanda kuma bukatarsa ta kauce wa al'ada sai ya sha wuya. Gradle ta maido da cikakken harshen shiri, Google ta ɗauke ta don Android a 2013, sai ga fayilolin gini masu bukatar nasu gwajin. Bazel, wadda Google ta saki a 2015 daga tsarinta na cikin gida, ta bi tsakiya: harshenta, Starlark, ya yi kama da Python, amma da gangan aka datse masa fukafukai, ba ya iya buɗe fayil ko leƙa intanet yadda ya ga dama, kuma ana gudanar da kowane mataki a killace, ta yadda dogaron da ba a ambata ba zai sa ginin ya faɗi nan take maimakon ya ɓuya.

CMake ta bi nata zagayen. Kamfanin Kitware ne ya fara ta a 2000 domin wani aikin sarrafa hotunan likitanci da Laburaren Likitanci na Ƙasa na Amurka ya ɗauki nauyi, ta kuma yi suna bayan da masu KDE suka koma kanta a 2006. A shekarunta na farko, saituna na kowa da kowa aka fi amfani da su: a rubuta layi ɗaya a sama, ya shafi duk abin da ke ƙasa. Wani sashe sai ya riƙa ginuwa don kawai maƙwabcinsa ya jawo abin da yake bukata, ranar da aka ɗauke maƙwabcin sai ya rushe. Daga wajajen 2013 aka koma ɗaura kowane saiti a wuyan abin da ya shafa, tare da fayyace ko na cikin gida ne ko masu aro ma za su gada. Littafin jagorar CMake ma yana gargaɗi game da wata gajeriyar hanya da ake so, wato a ce a kwashe duk fayilolin da ke cikin folda maimakon a jera sunayensu: idan an ƙara sabon fayil, tsarin ba lallai ya lura ba. Ita ma al'adar ware wurin gini daga wurin rubutun tushe, don kada abin da na'ura ta samar ya cakuɗe da abin da mutum ya rubuta, a wannan zamani ta zama ruwan dare.

Sai kuma dogaro a kan kayan waje. A ranar 22 ga Maris 2016, wani marubuci ya janye manhajojinsa daga rumbun npm bayan saɓani kan suna, ciki har da left-pad mai layi 11 kacal. Cikin sa'o'i gine-gine suka riƙa faɗuwa a duniya, har da na masu amfani da Babel da React, yawancinsu ba su ma san suna dogaro da ita ba. Janyewa ɗaya ce daga cikin haɗurra. Ɗayan shi ne fayil ya ce a kawo fitowa mafi sabunta, ta yadda ginin yau da na gobe ba za su zama abu ɗaya ba. Masu harshen Ruby sun riga sun saba da fayil ɗin kulle, wanda ke rubuta ainihin lambar kowane abin aro. Yarn ta kawo shi ga masu JavaScript a ƙarshen 2016, npm ta bi sahu a 2017. Aikin Debian kuwa tun 2013 yake fafutukar ganin cewa duk wanda ya gina rubutun tushe ɗaya ya sami sakamako ɗaya sak, domin a iya tabbatar da cewa abin da aka rarraba daga rubutun da aka nuna ya fito.

Abin da aka ɓoye a xz

A ranar 29 ga Maris 2024, Andres Freund, injiniya a Microsoft mai aiki a kan PostgreSQL, ya sanar da abin da ya gano. Yana auna saurin wata na'ura mai Debian ta gwaji, sai ya lura cewa shiga ta SSH, ƙofar da ake sarrafa manyan kwamfutoci daga nesa da ita, tana cin ƙarfin inji fiye da kima, tana kuma jinkiri na kusan rabin daƙiƙa. Da ya bi sawu, sai ya iske ƙofar ɓoye a cikin xz, manhajar matse fayiloli da ke cikin kusan kowace Linux, a fitowa ta 5.6.0 da ta 5.6.1.

Wanda ya dasa ta ya yi amfani da sunan Jia Tan. Ya shafe sama da shekara biyu yana taimako, yana aiko da gyare-gyare na ƙwarai, a daidai lokacin da wasu asusu suke matsa wa mai riƙon aikin, Lasse Collin, lamba cewa ya gaza, ya nemi mataimaki. Da ya sami ikon fitar da ƙunshi, bai taɓa rubutun C da idanu suke kai ba. Mugun kayan ya ɓoye shi a cikin fayiloli biyu na gwaji, waɗanda dama a matse suke, ba wanda zai yi mamakin rashin karantuwarsu. Makullin da ke buɗe su kuwa ya sa shi a cikin wani fayil na m4 mai suna build-to-host.m4, kuma gurɓataccen kwafin yana cikin ƙunshin da ake rarrabawa ne kaɗai, babu shi a rumbu. Idan aka gudanar da configure, sai ya warware kayan, ya duba ko ana gina fakitin Debian ne ko na RPM a kan injin da ya dace, sannan ya cusa su cikin laburaren liblzma. Wasu rassan Linux suna haɗa SSH da wani laburare na systemd, shi kuma yana jawo liblzma, ta nan kayan suka isa ƙofar.

Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Tsagar a nan ita ce al'adar da ta kafu tun shekarun 1990: ƙunshi ya bambanta da rumbu, bambancin kuma dubban layukan da na'ura ta rubuta ne, waɗanda kowa ya yarda ba a karanta su. An ba matsalar lamba CVE-2024-3094 da maki 10, mafi girma a ma'aunin haɗari. Ta shiga rassan gwaji na Debian da Fedora, da openSUSE Tumbleweed da Kali, amma ba ta kai ga tabbatattun fitowar Debian ko Red Hat ba, waɗanda manyan ma'aikatu suke dogaro da su.

Da aka koma binciken sauran ayyukan Jia Tan, sai aka tarar da wani abu a fayil ɗin CMake na xz. Akwai ɗan gwaji irin na Autoconf, wanda ke fassara ƙaramin shiri don a ga ko na'ura tana da Landlock, wata kariya ta Linux mai taƙaita abin da manhaja za ta iya taɓawa. A farkon wani layi na ƙaramin shirin an ɗiga aya guda. Ayar ta sa shirin ba zai taɓa fassaruwa ba, gwajin kuma, bisa ƙa'idarsa, yana ɗaukar rashin fassaruwa a matsayin babu Landlock, sai ya kashe kariyar a kowace na'ura ba tare da ko gargaɗi ba. Wannan kam a rumbu take, a bainar jama'a, ta yi wata guda ba wanda ya gani. Collin ya goge ta a ranar 30 ga Maris, sannan a watan Mayu ya fitar da 5.6.2 da aka tsarkake.